Amsar tambayarki kan fim ɗin yaron nan da mutane sunka tashi sunka bari

Ɗiyata, na ga saƙonki, kuma sai da na kalli fim ɗin da kinka turo min a waya har ƙarshe kafin in ce komi. Tambayarki ita ce wai al'adarmu ce ta hana a nuna yaro mai damuwa a bainar jama'a, tunda ranar da abokanki na jami'a sunka haska shi wasu sun yi ta dariya a wurin da ke kika ji hawaye, dattawa sun tashi sun hita tun ba a kai rabi ba, wata hajiya ta miƙe ta ce an tona asirin iyaye, saura kuma sunka ce ai fim ɗin bai ƙare ba yanke shi anka yi. Kin ce abin ya ɓata miki rai har kin fara ganin kamar mutanenmu ba su da tausayi. Ba haka ba ne wallahi.

Dariyar nan da kinka ji yawancinta ba ta raini ba ce. Wurin da yaron ya ɗaga murya ga ubansa ya buga ƙofa, ai kin ce nan ne ɗakin ya ɗauki dariya, to ki tuna su wa ke zaune, samari ne kuma ga dattawan unguwa a kujerun gaba, yaro ba shi da halin ya yi shiru ya zuba ido kamar abin ya taɓa shi dan sai a ce halinsa ne anka nuna, dole ya yi dariya ya nuna shi ba ruwansa. Kunya ce ta hito ta wannan hanya. Hayaniyar ma kar ta dame ki, mu ba mu taɓa kallo baki rufe ba. Zamanin mulkin Kunce, tsakanin 1974 da 1987, lokacin da samariya, wato ƙungiyoyin matasa na unguwanni, ke tashe, kowace unguwa a nan Maradi tana da 'yan wasan kwaikwayonta, kuma mai kallo yana da bakin magana, in mugu ya shigo a yi mishi ihu, in matar kirki za ta sha guba a cikin wasa sai ki ji tsohuwa daga baya tana cewa ke kar ki sha. Haka a sinima in ana fim ɗin Indiya, haka gaban tele in su Yazi Dogo na wasa. In kinka ga ɗaki ya yi tsit babu mai tanka wa, nan ne za ki ce wasa bai shiga ba.

Masu cewa fim bai ƙare ba su ma ina gane su. Mun tashi da tatsuniya mai ƙurungus, gizo ya yi ta'asarsa a kama shi, wasan samariya ya ƙare a gaban sarki ko alƙali a yanke hukunci, fina-finan Kano da sunka cika mu tun shekarun 1990 su ma sai mai laifi ya tuba ko ya ga sakayya. Shi ko wanga fim ba waƙa ba rawa, kyamara na rawa a hannu, a bar yaro zaune kan katanga mintoci ba ya cewa uffan, a ƙarshe ya nufi tasha da 'yar jakarsa sai allo ya yi baƙi. Mutum ya zo a sauke mishi kaya sai anka ƙara mishi, ya tahi gida da tambaya. Ni dai ƙarshen ya yi min daidai dan yaran da na sani masu irin wannan hali haka labarinsu yake, ba a san inda ya tsaya ba.

Amma akwai inda na saɓa da masu fim ɗin, kuma ina ganin shi ne ya tada dattawan nan, ba maganar ƙwayar da yaron ke sha ba. Sun nuna uban ba ya kiran sunan yaron, ba ya kallon idonsa, in zai ba shi saƙo sai ta bakin ƙanensa, har sunka sa ƙarar injin niƙa ta danne muryar uban duk lokacin da ya buɗe baki, dan mai kallo ya ɗauka ƙiyayya ce. Alhali a cikin fim ɗin an faɗi cewa yaron ɗan fari ne. Ɗiyata, kunyar ɗan fari tsohuwar al'ada ce, uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta wasa da shi gaban mutane, uba ma yana kama kansa, ke kanki kin san innarki har yau ba ta kiran yayanku da sunansa. Duk dattijon da ke zaune a wurin haka ya yi da nasa ɗan farin, kuma ya san irin son da ke cikin ransa, sai ga yara sun haska shi a bango a matsayin mugu. Wa zai zauna?

Sai dai ba a nan al'adar ta tsaya ba, wannan nake so ki riƙe. Mutanen da sun san uba ba zai iya zama da ɗansa ya ce me ke damunka ba, shi ya sa sunka buɗe wa yaro wasu ƙofofi da yawa. Ɗan fari galibi ana yaye shi kaka ke ɗauka, kuma tsakanin kaka da jika ba kunya, wasa ne, ta ce mishi mijina ya ce mata tsohuwa kin cinye min tuwo, cikin wannan wasan take jin abin da ke cikinsa tun kafin ya girma ya zama ciwo. Akwai kawu, wato irina gare ku, wanda yaro zai gudo gidansa in ya yi laifi kuma uba ba ya biyo shi da bulala har can, kawu ne zai bari hushi ya huce ya rako shi ya ba da haƙuri. Akwai gwaggo, akwai taubasai da za su faɗa mishi gaskiya mai ɗaci cikin raha ba ya da ikon yin hushi. In zaman gida ya gagara a ba da shi riƙo Tibiri ko Tasawa ko Katsina wurin dangi ya canza iska. A ƙauye kuma saurayi yana aikin gandu da ubansa amma ana yanka mishi gamana tasa ta kansa, abin da ya noma nasa ne, ga gayya, ga sarkin samari da ke da ikon ya kira shi ya tsawata ko ya ci shi tara. Yaro mai shekara 16 bai rasa wurin da ake bukatarsa ba. Rufin asirin da hajiyar nan take kare wa gaskiya ne akwai shi, ciki ba dan tuwo kaɗai anka yi shi ba, amma daga mutanen titi ake rufewa, ba daga dangi ba. Cikin dangi magana a buɗe take, har ma a yi taro a kanta.

Yanzu ki duba gidan da ke cikin fim ɗin, ɗaki biyu na haya, uba ya hita kasuwa tun asuba, kaka na ƙauye, kawu wataƙila yana Agadas ko Libiya wurin nema, yaron an koro shi daga lakkol ba sana'a ba gona. Kunyar ta biyo su birni, ƙofofin ba su biyo su ba. Abin da ya rage mishi fada ce, wato majalisar samari ta bakin titi, kuma ni ba na zagin fada, tun bayan taron ƙasa na 1991 da samariya ta mutu fada ce ta riƙe samari, ana shan shayi ana taimakon juna ranar biki da ranar rashi, amma duka sa'o'in juna ne, babu babba a ciki, wanda zai ba ka shawara shi ma neman mai ba shi yake. Kuma ki tuna kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, yaran sun yi wa manyan yawa. Da masu fim ɗin sun nuna kujerar kawun nan da babu kowa a kai, da dattawan nan sun zauna har ƙarshe, dan da sun gane ba su ake zagi ba, rashi ake nuna musu.

Kar kuma ki ɗauka ina cewa komi na da mai kyau ne. Akwai yaran da anka ce iska ce ta taɓa su alhali ciwon damuwa ne, akwai waɗanda anka kai gidan mari anka sa musu sarƙa ana duka da sunan gyara, kin ji abin da 'yan sanda sunka tarar a irin waɗannan gidaje a Kaduna da Daura a 2019, ɗaruruwan mutane a ɗaure har da ƙananan yara. Iyayen da sunka kai su ba mugaye ba ne, rasa yadda za su yi sunka yi kuma suna jin kunyar a sani. Wannan kam ba zan kare shi ba ko da wane suna anka kira shi. Wurin da yaron fim ɗin ya faɗi yana karkarwa bayan ya sha tramol, uwar ta ruga neman rubutu da turare, ya taɓa ni ƙwarai dan haka ake yi a unguwanninmu. Tramol maganin ciwo ne na asibiti, na likita miligiram 50 ne ko 100, wanda ake saida wa yara a tebur da kan keke yana kai 225 ko 250, in ya yi yawa a jiki yana kada mutum kamar mai farfaɗiya, kuma wanda ya saba in ya bari rana ɗaya jiki ya ɗau ciwo, ba barci, ga zufa ga baƙin rai. A yi addu'a, ban hana ba, ni ma ina yi, amma a kai shi wurin likita a faɗi gaskiyar abin da ya sha. Uwar da ta kalli wannan wuri ta gane haka ta ci ribar fim ɗin ko da ta hita tana faɗa.

Batun wai nuna irin wannan ba namu ba ne, ki ce musu Umaru Ganda ɗan Nijar ne, shi ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a Wagadugu a 1972, da fim kan auren dole da rikicin kishiyoyi, maganar cikin gida tsantsa. A 2021 ma Aisha Maki 'yar Damagaram ta yi fim kan samarin unguwar Kara-Kara, da fuskokinsu da muryoyinsu na gaskiya. Ba yau anka fara ba.

Abin da zan ba abokanki shawara shi ne su sake haska shi amma su raba zama. Kuskuren ranar nan shi ne tara uba da ɗa da suruki a ɗaki guda a gaban abin kunya, ko wasan biki ba a yi haka. Su nuna wa mata su kaɗai a cikin gida da la'asar, za su ji maganganun da ba su taɓa zato ba dan kowace tana da ɗa ko ƙane da take ɓoyo. Su kai wa samari a fadarsu da dare. Dattawa kuma a fara zuwa a gaishe su a nemi izini, a ce muna da abin da muke so ku gani ku gyara mana, in anka ba babba girmansa zai kalli abin da ya fi wannan zafi. Kuma a samu ma'aikacin lahiya ya zauna kusa, dan bayan an kunna fitila akwai wanda zai so ya yi tambaya a keɓe. Ita hajiyar ma ku je har gida ku gaishe ta, kar ku yi gardama da ita, ku saurara kawai.

In sun yarda su zo ƙofar gidana ran Juma'a bayan isha'i, bangon makwabcina fari ne zai yi, ni zan gayyato dattawan masallacinmu da bakina. Ki zo da yaron da ya rubuta labarin, ina so in tambaye shi ko yana da kawu, kuma yaushe rabon da ya je gidansa. Ki gaida innarki da ƙannenki.