Ko hannun uwa zai iya riƙe jariri idan mota ta yi karo?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da yaro ɗan wata goma sha ɗaya, nauyinsa ya kusa kilo 10. Idan za mu fita a mota nakan rungume shi a cinyata a kujerar gaba, wani lokaci ma in jawo bel ya zagaye mu mu biyu. Kwanan baya direba ya taka birki da ƙarfi, na riƙe shi gam bai kuɓuce ba, amma tun ranar hankalina bai kwanta ba. Mutanen gida sun ce ba komai tunda ba ma wuce gudun kilomita 50, wani kuma ya ce bel ɗin ma hatsari ne, gara mota ta cillo mutum waje da ya maƙale a ciki. Na yi kimiyya a sakandare, ban manta dokokin Niyuton ba, amma na kasa gane gaskiyar lamarin. A taimaka mini.

Amsa: Malama, rashin kwanciyar hankalinki yana kan hanya, kuma ina roƙonki daga yau kada ki sake ɗaukar yaron nan a cinya a cikin mota mai tafiya. Tunda kin san dokokin, ba sai na koma farko ba. Abu guda kawai zan tuna miki daga doka ta farko ta motsi da masanin kimiyya Niyuton ya wallafa a 1687: abin da ke tafiya ba ya tsayawa sai wani ƙarfi ya tsayar da shi. Idan mota na gudun kilomita 50 a awa, ke ma gudun da kike yi ke nan, yaron ma haka. Lokacin da motar ta daki wani abu ta tsaya, babu wani ƙarfi da ya tura ku gaba. Motar ce ta tsaya, ku kuwa kuna nan kan tafiyarku, har sai kun sami abin da zai tare ku, ko bel, ko gilashi, ko kwalta.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne labarin birkin nan, domin shi ne tarkon da nake ganin mutane suna faɗawa kullum, har da waɗanda suka ci jarrabawar kimiyya da sakamako mai kyau. Mutum ya taɓa riƙe yaro lokacin da aka taka birki, ko ya dafe gaban mota da hannu bai bugu ba, sai ya ɗauka cewa ya gwada ƙarfinsa kuma ya ci. Alhali birki daban, karo daban, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana da girma ƙwarai. Gudun kilomita 50 a awa kusan mita 14 ne a kowace daƙiƙa. Idan direba ya taka birki iya ƙarfinsa a kan busasshiyar kwalta, motar za ta ɗauki kusan daƙiƙa biyu, ta ci kusan mita 14, kafin ta tsaya cak. A wannan hali, ƙarfin da hannunki ke bukata don riƙe yaro mai kilo 10 bai wuce na ɗaga kilo 7 ko 8 ba, shi ya sa kika iya. Amma idan motar ta daki bango ko bishiya da wannan gudun, duk tsayawar tana faruwa ne a cikin ɗan abin da gaban motar ya lotse, wato kamar rabin mita, cikin lokacin da bai kai kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa ba. Gudun da za a kashe ɗaya ne, amma lokacin da aka samu don kashe shi ya ragu kusan sau talatin, saboda haka dole ƙarfin ya ninka haka. Lissafin doka ta biyu ta Niyuton, wadda ta danganta ƙarfi da nauyin abu da saurin canjin gudunsa, ya nuna cewa yaron zai fizgi hannunki da ƙarfin da ya kai ninki ashirin na nauyinsa, wato kamar kilo 200.

Babu uwar da za ta iya riƙe wannan, kuma ba maganar ƙarancin so ba ce ko sakaci. Ko da a ce kina da ƙarfin, ba ki da lokacin. Mutum mai lafiya, wanda ya shirya yana jira, yana bukatar kusan kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa kafin hannunsa ya amsa abin da idonsa ya gani. Karon ya riga ya ƙare kafin saƙon ya iso hannu, kafin ƙiftawa da bismilla. Saboda haka duk mai cewa zai ƙanƙame yaro idan ya ga hatsari na zuwa, ko zai tokare da sitiyari, yana maganar abin da jikin ɗan Adam ba zai iya ba ne.

Haɗa kanki da shi a bel guda kuwa ya fi muni, kuma yana tayar mini da hankali ƙwarai. Ki ɗauka nauyinki kilo 60 ne. A wannan karon jikinki zai matso gaba da ƙarfin da ya haura tan guda, bel ya tare yaron ta gaba, ke kuma ki danne shi ta baya. Ƙirjin jariri da cikinsa ne za su ɗauki wannan nauyin duka.

Su kuma masu cewa kilomita 50 ba gudu ba ne, a tambaye su ko za su yarda su diro daga tsayin mita 10, wato kamar daga saman bene mai hawa uku, domin wanda ya faɗo daga nan da wannan gudun yake isa ƙasa. Kuma ƙarfin ɓarna ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkin ninki yake yi: idan gudu ya ninka biyu, makamashin motsi, wato ƙarfin da abu mai tafiya ke ɗauke da shi, ya ninka huɗu. Kilomita 100 a awa daidai yake da faɗowa daga kusan mita 40.

Maganar cewa gara a cillo mutum waje na gaji da jinta, kuma ina takaicin yadda ake yaɗa ta da labarin wani da aka ce ya tsira, ba a taɓa ƙirga waɗanda ba su tashi ba balle su ba da nasu labarin. Wanda mota ta cillo yana fita ne da gudun da motar take yi, ta cikin gilashi, ya sauka a kan kwalta ko ƙarfe ko gaban wata motar, wani lokaci ma motarsa ce take birkicewa a kansa. Hatsarin da ke haɗawa da gobara ko faɗawa ruwa kaɗan ne ƙwarai, kuma ko a nan, wanda ya ɗaura bel ne ya fi yiwuwa ya kasance a cikin hayyacinsa har ya kwance ya fita. Wanda kansa ya daki gilashi ya suma ba zai buɗe ƙofa ba. Haka nan masu zagaya bel ta bayan kujera don ƙarar gargaɗi ta yi shiru, da masu jawo shi sai sun hango jami'an hanya, kansu suke cuta da waɗanda suka ɗauko.

Duk dabarar kariya a mota abu ɗaya take nema: a tsawaita lokacin tsayawa, a kuma baza ƙarfin a kan sassan jiki masu ƙwari. Shi ya sa ake ƙera gaban mota ya lotse da gangan. Shi ya sa bel mai maɗauri uku, wanda injiniya Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya fito da shi a 1959, yake bi ta ƙashin ƙugu da kafaɗa. Jiki yana iya jure ƙarfi mai yawa idan an ɗaure shi daidai. A 1954 wani likitan sojan saman Amurka, John Stapp, ya hau keken roka mai gudun sama da kilomita 1,000 a awa, aka tsayar da shi cikin ƙasa da daƙiƙa biyu, jikinsa ya ɗauki ƙarfin da ya haura ninki 40 na nauyinsa, kuma ya rayu, saboda yana ɗaure tamau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel yana rage yiwuwar mutuwar na cikin mota har da kusan rabi, kujerar yara kuma tana iya rage mutuwar jarirai da kashi 71 cikin 100.

Yaronki yana bukatar kujerar yara wadda ta dace da nauyinsa, a ɗaure ta a kujerar baya, tana fuskantar baya. Dalilin juya ta shi ne kan jariri yana da nauyi idan aka kwatanta da jikinsa, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba, to idan yana kallon baya, kujerar ce za ta tallafi kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya a lokacin karo. Kada a sa irin wannan kujera a gaba inda jakar iska, wato jakar kariya da ke fitowa daga gaban mota lokacin karo, take aiki, domin jakar tana kumburowa da gudun da zai daki bayan kujerar daidai inda kansa yake. Ke ma ki zauna kusa da shi ki ɗaura naki bel ɗin, saboda babban da bai ɗaura ba a baya yakan faɗa kan na kusa da shi ko na gabansa. Idan ya yi kuka yana neman a ɗauke shi, a sami wuri a tsaya tukuna, sannan ki kwance shi.