Me ya sa manhajojin kimiyya ke tsufa a cikin Debian?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai digiri na biyu, aikina nazarin bayanan yanayi ne da kwamfuta. Duk kwamfutocin ɗakin bincikenmu babbar manhajar sarrafa kwamfuta ta Debian 12 ce a kansu, kuma NumPy ɗin da ke ciki, wato manhajar lissafi ta harshen Python, siga ta 1.24 ce, alhali siga ta 2 ta fito tun 2024. Na nemi in sauko da sabuwar ta hanyar pip, mai sauko da kayan Python, sai ya ƙi. Shin masu kula da waɗannan manhajoji watsi suka yi da su? Mene ne abin wahala a cire tsohuwa a sa sabuwa? Kuma ni yanzu ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ba watsi aka yi da NumPy ba, kuma idan kika jera kwanakin za ki gani da kanki. Siga ta 1.24 ta fito a watan Disamba na 2022. A watan Janairu na 2023 aka fara rufe ƙofar shigar da manyan sauye-sauye cikin Debian 12, wadda ake wa laƙabi da bookworm, aka sake ta ranar 10 ga Yuni, 2023. Ita kuwa NumPy 2.0 sai a Yunin 2024 ta fito, shekara guda cur bayan haka. Wato a ranar da aka rufe ƙofa, abin da ke hannunki sabo ne fil.

Debian tana da manyan rassa uku. Sabon ƙunshi, wato manhajar da aka shirya don sakawa a Debian, yakan fara sauka a reshen unstable, wanda aka fi sani da sid. Idan ya kwana biyar ko makamancin haka ba a kama shi da babban laifi ba, ya kuma ginu a kan duk nau'o'in injin da ya saba ginuwa a kansu, sai ya wuce zuwa testing. Kusan duk bayan shekara biyu ake tsayar da testing, a tsefe shi, a sake shi da sunan stable. Daga ranar nan siga ba ta canzawa. Faci, wato ɗan ƙaramin gyara, kawai ake yi wa abin da ya shafi tsaro ko kuskure mai tsanani. Wannan alkawari ne, kuma mai bincike ya fi kowa cin moriyarsa: lissafin da kika yi a watan farko na karatunki, idan kika maimaita shi ana gobe kare kundi, ƙasan da kike tsaye a kai ba ta motsa ba.

Sai mu zo kan abin wahalar, don nan ne zancen yake.

Ɗauko sabuwar siga ba wani aiki ba ne. Kusan kowane ƙunshi yana da ɗan fayil mai suna debian/watch da ke nuna inda marubutan asali ke ajiye sabon aikinsu, wata manhaja mai suna uscan kuma ta sauko da shi cikin ƙiftawar ido. Da a nan aka tsaya, da yaro ma ya yi. Matsalar ita ce Debian tana ƙoƙarin ajiye kwafi ɗaya tak na kowane laburare, wato tarin shirye-shiryen da wasu manhajoji ke aro, duk manhajojin da ke bukatarsa su dogara a kan wannan ɗayan. Dalilin mai kyau ne, domin idan aka gano ɓaraka a laburaren, wuri ɗaya za a toshe, kowa ya amfana. Amma fa duk wanda ya taɓa wannan kwafi ɗaya, ya taɓa kowa. NumPy kuwa ginshiƙi ce. SciPy na kanta, pandas na kanta, matplotlib, astropy, h5py da ɗaruruwan wasu duk a kanta suke zaune.

Siga ta 2 ba kwaskwarima aka yi mata ba. An canza yadda take magana da manhajojin da aka rubuta da harshen C, saboda haka duk wadda aka gina a kan siga ta 1 sai an sake gina ta kafin ta yi aiki. An cire wasu tsofaffin sunaye irin su np.float_ da np.NaN, duk shirin da ke kiransu zai faɗi nan take. Waɗannan ma da sauƙi, tunda suna faɗuwa da ƙara kowa ya ji. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne canjin da ba ya ihu. A da, idan kika tara lamba guda ta nau'in float32 da lambar Python mai ɗigo, amsar takan fito a float64, nau'in da ya fi float32 riƙe alƙaluma da yawa. Yanzu a float32 take tsayawa. Shirin zai gudu lafiya lau, ba gargaɗi ba komai, amma alƙaluman da za ki iya amincewa da su sun sauko daga kimanin 15 zuwa kimanin 7. Ga mai lissafin yanayi da ke tara ƙananan lambobi miliyoyi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Shi ya sa irin wannan sauyi yake da tsarinsa. Akan fara sa sabuwar sigar a wani reshe na gefe mai suna experimental, a gwada gina duk masu dogaro da ita, a rubuta rahoton matsala ga kowane ƙunshin da ya faɗi. Wasu marubutan asali sun riga sun gyara nasu, sai a ɗauko. Wasu kuwa sun kammala digirinsu shekara goma da suka wuce, sun kama wani aiki, ba mai amsa wasiƙa. A nan dole mai kula da ƙunshin ya zauna ya rubuta facin da hannunsa. Sai an ga yawancin sun daidaita tukuna ƙungiyar da ke kula da sakin Debian ta ba da izini a shigar da shi sid. Aiki ne na watanni, kuma an yi shi: Debian 13, wato trixie, da aka saki ranar 9 ga Agusta, 2025, ta zo da NumPy 2.2 da Python 3.13.

Ƙasa da NumPy ma akwai wani bene. Yawancin lissafin jadawalin lambobi yana gangarawa ne zuwa BLAS da LAPACK, waɗanda aka rubuta da Fortran. Kashin farko na BLAS tun 1979 yake, LAPACK kuma 1992. Manhajojin kimiyya da yawa cike suke da irin wannan tsohon rubutu, daidai yake ta fuskar lissafi, amma an yi shi a zamanin da manhajar da ke juya rubutu zuwa harshen inji ba ta da tsanani. Da GCC 10, sabuwar sigar irin wannan manhaja, ta fito a 2020, ɓangarenta na Fortran mai suna gfortran ya daina kau da kai idan aka kira aiki guda da nau'o'in bayanai da ba su dace da juna ba, ya mai da shi kuskure da ke tsayar da gini. Rubutun da ya shekara talatin yana aiki sai ya wayi gari ba ya ginuwa, ba tare da wani ya taɓa ko harafi ɗaya a cikinsa ba. Haka aka yi da Python 3.12 ta cire distutils, tsohon kayan gina ƙunshi, a 2023, haka kuma da aka daina tallafa wa Python 2 a farkon 2020. Rabin aikin mai kula da ƙunshi ke nan: manhajar tana nan yadda take, ƙasan da ke ƙarƙashinta ce ke zamewa.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da manhajar kimiyya. Manhajar kallon hoto idan ta buɗe hoton, ta gama aikinta. Ta lissafi kuwa sai amsar ta zama daidai, kuma "daidai" a wurin kwamfuta magana ce mai sarƙaƙiya. Ki buɗe Python ki tara 0.1 da 0.2, za ki ga 0.30000000000000004. Ba lalacewa ba ce, haka lambobi masu ɗigo suke a ƙa'idar IEEE 754, ba kowace lamba ke samun mazauni cif-cif ba. Abin da ya biyo bayan wannan shi ne, jerin da aka bi wajen tara lambobi yana iya canza alƙaluman ƙarshe na amsa. To Debian ba a kan injin Intel da AMD kaɗai take gudu ba. Tana ginuwa a kan arm64, da ppc64el, da s390x na manyan injinan IBM, a trixie kuma an ƙara riscv64. Wani injin yana haɗa ninkawa da tarawa a mataki ɗaya, wani yana raba su biyu. Tsohon injin i386 yakan riƙe lamba a bit 80 a cikinsa kafin ya rage ta zuwa 64. Shi kuwa s390x jera bayit yake yi ta ɗaya gefen, saboda haka shirin da ya ɗauka kowa irin jerin Intel yake yi zai karanta fayil ya fito da shirme.

Sai ki ga gwaji ya wuce a kan injin biyar ya faɗi a na shida, bambancin a alƙalami na 14. A nan ake bukatar wanda ya san fannin, ba gwanin kwamfuta kawai ba. Shin marubucin ne ya tsananta gwajinsa fiye da kima, a ɗan sassauta masa? Ko kuwa hanyar lissafin ce ba ta da ƙwari, wannan ɗan bambanci kuma alama ce ta babbar ɓarna da za ta fito a wani wuri? Hanya mafi sauƙi ita ce a kashe gwajin a wuce, ni kuma ina ganin ita ce mafi muni, sai dai idan an fahimci dalilin faɗuwar an rubuta shi a fili. Ruwa ba ya tsami banza. Ni kaina na taɓa sassauta wani gwaji don in huta da shi, daga baya ya bayyana cewa shirin yana karanta wani wuri a ƙwaƙwalwar inji da ba a zuba komai a cikinsa ba, sa'a ce kawai ta sa yake ba da amsa daidai a sauran injinan.

Batun lasisi ma yakan ci lokaci, amma ba sai na tsawaita ba. Debian tana da ƙa'idojinta na 'yantacciyar manhaja tun 1997, masana kimiyya kuwa sun saba cusa fayilolin bayanai da ba a san mai su ba, ko su rubuta cewa don bincike kawai aka yarda a yi amfani da aikinsu. Irin waɗannan sai an tsame su. Idan kika ga +dfsg a jikin lambar siga, abin da ya faru ke nan.

Duk da haka ba zan ce miki sakaci ba ya faruwa ba. Yawancin masu wannan aiki 'yan sa-kai ne, suna yi bayan sun tashi daga aikin da ke ciyar da su. Sun kasu ƙungiya-ƙungiya, akwai Debian Science, akwai Debian Astro ta masu ilimin taurari, akwai Debian Med da Andreas Tille ya assasa a 2002, kuma suna ajiye aikinsu a wuri ɗaya mai suna Salsa domin kowane ɗan ƙungiya ya iya gyara ƙunshin ɗan'uwansa. Amma ƙunshi ya fi hannu yawa. Wani mai kulawar yakan gaji ya saki ƙunshinsa, a kira shi maraya. Wanda ke ɗauke da babban laifi kuma ba a gyara ba, fitar da shi ake yi daga testing kai tsaye, ya ja duk masu dogaro da shi su fita tare. Gane bambancin ba wuya: ki nemi sunan ƙunshin a tracker.debian.org ki dubi sigar da ke sid. Idan ta sid sabuwa ce, ta stable ce kawai tsohuwa, komai na tafiya yadda aka tsara. Idan ta sid ɗin ma ta yi shekaru a baya, to nan ne ake neman taimako.

Game da pip, gata ya yi miki. Tun daga Debian 12 aka hana shi sa kaya a cikin Python ɗin tsarin, wanda apt, mai saka ƙunshi a Debian, ke kula da shi, domin da ya ɗora NumPy 2 a can, SciPy da sauran da aka gina a kan 1.24 za su rushe, garin gyaran gira a rasa ido. Akwai hanyar tilasta shi, sunanta ma kaɗai ya isa gargaɗi, --break-system-packages, kada ki bi ta. Ki sa ƙunshin python3-venv, ki rubuta python3 -m venv aikina, ki shiga cikin wannan keɓantaccen wuri ki sauko da duk sigar da kike so. Abin da ke ciki ba ya taɓa na waje, idan ya rikice ki goge shi ki sake wani. Idan bukatarki ta haɗa da laburaren C ko Fortran irin su HDF5 da NetCDF, conda ko Spack sun fi dacewa, a manyan kwamfutocin bincike kuma Apptainer aka fi amfani da shi. Reshen backports yana kawo sababbin sigogin wasu manhajoji, amma kada ki sa rai da ginshiƙi irin NumPy a can, saboda dalilin da na bayyana a sama. Abin da zan hana ki da babbar murya shi ne haɗa ma'ajiyar sid da ta stable a kwamfuta ɗaya. Ƙunshi ɗaya za ki nema, ya jawo miki rabin tsarin.

Idan masu kula da ɗakin bincikenku za su ɗaga kwamfutocin zuwa Debian 13, shawarata kada a yi shi a tsakiyar lissafin da za ki sa a kundi. Ki adana sakamakonki na yanzu, ki rubuta sigar kowane laburare da kika yi aiki da shi, bayan an ɗaga ki sake gudanar da lissafin ki kwatanta. Ko da wata rana aka nemi ki dawo da ainihin abin da kika yi amfani da shi, snapshot.debian.org yana ajiye tsofaffin ƙunshi bisa kwanan wata. Idan kuma kwatancen ya nuna bambancin da ya wuce na alƙaluman ƙarshe, ki rage shirin zuwa 'yan layukan da ke nuna matsalar, ki aika ta manhajar reportbug tare da amsar da kika samu a da, da wadda kike samu yanzu, da dalilin da ya sa a iliminki na yanayi kike ganin ta farkon ce daidai. Wannan bayani na ƙarshe shi ne abin da mai kula da ƙunshin ba zai iya samar wa kansa ba.