Wuyan Tsohuwar Jita Ya Fara Rabuwa da Gangarta, Zai Gyaru a Gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar jita mai tsirkiyar ƙarfe da kawuna ya bar mini. Tun hunturun bara na ga tsaga ta buɗe daidai inda wuyan ya haɗu da gangar, har katin waya yana shiga. Tsirkiyoyin kuma sun yi sama, ba a danna su sai da ciwon yatsa. Babu mai gyaran jita kusa da mu. In ɗura mata sufa gulu in matse? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ajiye sufa gulun nan, ka je ka sassauta tsirkiyoyin yau ɗin nan. Tsirkiya shida ta ƙarfe in an ɗaure ta daidai tana jan wuya da ƙarfin da ya kai kilo 70, dare da rana, ko ana kiɗa ko ba a yi. Muddin suna ɗaure, tsagar ƙaruwa take yi. Shi kuwa sufa gulu bushewa yake kafin ya isa can ciki inda ɓarnar take, ya toshe bakin tsagar, ya ɓata fenti, ya kuma hana gam na kirki shiga daga baya.

Bayan ka sassauta su, ka gano ainihin ciwon, don abu uku ne suke kama da juna a ido. Rungume gangar, ka kama wuyan ka ɗan motsa shi gaba da baya a hankali. In tsagar tana buɗewa tana rufewa a kan layin haɗin, gam ne ya saki. In tsagar a jikin diddigen wuyan take, wato guntun katakon da ya sauko ya dafa gangar, to katakon ne ya tsage, kuma wannan ya fi sauƙi. Na uku shi ne wuya yana nan daram, amma shekaru sun sa gangar ta ɗan lanƙwaso har kusurwar wuyan ta canza. Ga yadda za ka gane: ɗora doguwar rula ta ƙarfe a kan ƙarafan wuyan, wato siraran ƙarafan da aka jera a kwance inda ake danna tsirkiya, ka zura ta har wajen jaki, katakon nan da ke manne a fuskar gangar inda tsirkiyoyin suke ƙarewa. Ya kamata bakinta ya sauka daidai saman katakon jakin. In ta tokare shi da milimita 2 ko 3 a ƙasa, kusurwa ta tafi. Ka leƙa ciki da tocilan ma, ka tabbatar kututturen da ke riƙe wuyan daga ciki bai ɓalle ba. Wataƙila ka tarar da kan noti a wurin. Kamfanoni irin su Taylor da noti suke ɗaure wuya, in haka taka take, ƙila ɗaurewa kawai take so. Su Martin da Gibson kuwa sun saba da haɗin da ake sassaƙa gindin wuya ya shige gurbi ya kulle, sannan a sa gam.

Tunda taka ta buɗe cikin hunturu, na fi zargin gam. Jita ta fi son laima tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, iskar hunturu kuwa tana sauko da ita ƙasa da 20. Katako ya tsuke, tsohon gam ya ƙi bin sa.

Kayan aikin ba su da yawa: farin gam na kafintoci, sirinji, siririyar samfefa, tsumma, da robar tsohon tub ɗin keke da aka yanka dogo-dogo. Aikin da mutane suka fi tsallakewa shi ne share tsohon gam, alhali sabo ba ya kama busasshen tsoho. Ka liƙa takarda a gefen gangar don kare fenti, ka zura samfefa cikin tsagar ka ja, ka sake, har sai garin da ke fitowa ya koma launin katako. Ka hure ƙurar. Sai ka gwada ɗaurin ba tare da gam ba: ka zagaya robar daga diddige zuwa gindin jitar sau da yawa, ka ga ko tsagar ta rufe ruf. In ba ta rufe a bushe ba, ba za ta rufe da gam ba, kada ka yaudari kanka. In ta rufe, ka kwance, ka ɗan sirka gam da ɗigon ruwa yadda zai bi sirinji, ka ɗura can ciki, kana motsa wuyan don ya tsotse shi. Ka ɗaure, ka goge abin da ya tsatso da jiƙaƙƙen tsumma tun bai bushe ba. Awa 24 ne mafi ƙaranci, ni dai nakan ba shi kwana 2. Tsagaggen diddige ma haka ake yi masa, kuma shi yakan riƙe sosai don katako ne ke haɗuwa da katako.

Sai dai in gaya maka gaskiya, a haɗin gurbi ƙarfin yana can ciki ne, a gefunan sassaƙar, ba a fuskar diddige da kake gani ba. Saboda haka ɗurin gam yana iya riƙewa shekaru, yana kuma iya sakewa da hunturu mai zuwa. In jitar ba mai tsada ba ce, ni ban ga laifin ƙara mata dogon sukuru guda ba, daga bayan diddige ya shige kututturen ciki, a ɓoye kansa da maɓallin da ake maƙala igiyar rataya jita. Ka fara huda rami tukuna, in ba haka ba diddigen zai dare biyu. Masu son tsohon kaya za su ɓata rai, amma jitar da ake kaɗawa ta fi wadda aka jingina a bango.

In kuwa rula ta nuna kusurwa ta tafi, gam kaɗai ba zai sauko da tsirkiya ba. Kuma kada wani ya ce ka murɗa sandar ƙarfen da ke cikin wuya, aikinta daidaita lanƙwasar wuyan ne, ba ruwanta da kusurwa, in ka matsa mata ma karyewa za ta yi. Fara da hanya mai sauƙi: zare farin ƙashin da ke kan jaki ka goge gindinsa. Duk milimita 2 da ka rage a can, tsirkiya za ta sauko milimita 1 a ƙarfe na 12, inda ake son tazarar ta tsaya wajen milimita 2.5 ga mai kauri, 2 ga siririya. In ƙashin ya ƙare, sai babban aiki: a gasa harshen allon wuya, wato katakon da ƙarafan suke kai, daidai inda ya hau gangar, har ya saki, a cire ƙarfe na 15, a huda ƙaramin rami a gurbinsa, a tura tururi har gam ya narke, a zare wuya gaba ɗaya. Sannan a goge diddige, inda milimita 1 a ƙarshensa ke zama kusan 3 a wajen jaki, a cike gurbin da siraran katako ya koma ya kulle. Ban hana ka ba, amma kada jitar kawu ta zama ta koyo. Wasu masu araha ma da gam mai taurin da tururi ba ya narkarwa aka haɗa su. Jita mai tsirkiyar leda irin ta Sifaniya kuwa sau da yawa wuyanta da kututturen ciki katako ɗaya ne, babu abin zarewa.

Idan gam ya bushe, ka sa tsirkiya marasa kauri, ka ɗaure su kaɗan-kaɗan kana duba layin haɗin. Daga Nuwamba zuwa Maris ka riƙa ajiye ta cikin jakarta tare da ɗan jiƙaƙƙen soso a leda mai huji, yadda ruwa ba zai taɓa katako ba. Kada kuma ka bar ta a but ɗin mota da rana, zafin wurin kaɗai ya isa ya sassauta farin gam. In tsagar ta sake buɗewa, ka aiko da awon rular da tazarar ƙarfe na 12, mu ga ko lokacin zare wuyan ya yi.