Kafin Ka Ɗauko Kwikwiyon Nan

Ɗana,

Saƙonka ya iso, na karanta shi har sau biyu, kuma sai da na yi dariya a daidai wurin da kai ranka ya ɓaci. Ka ce ka je wurin mai kiwon karnukan farauta da kuɗinka a aljihu, karyarsa ta haihu da sati 5, amma ya hana ka ɗaukar kwikwiyo. Ya ce sai sun cika sati 8, ka ajiye kafin alƙalami, kuma kai ne na uku a layin zaɓe. Sannan ya titsiye ka da tambayoyi: ina za ka ajiye shi, wa zai kula da shi in ka tafi aiki, me kake farauta. Ga wani kuma a waya ya ce gobe zai kawo maka a kwali har bakin titi, a rabin kuɗin. Shi ne kake tambaya, Kawu, haka al'adar take, ko don ya gan ni yaro ne ya raina ni?

Haka al'adar take, kuma da ni ne na je da furfurata, tambayoyin nan zai yi mini. Mutumin da ya ƙi karɓar kuɗinka yau, shi ne wanda ya cancanci ka ba shi. Na kwalin kuwa, share lambarsa.

Bari in fara da sati takwas ɗin, tunda shi ya fi ci maka rai. Karya tana ɗaukar ciki kwana 63 ko kusa da haka. 'Ya'yan suna faɗowa ido a rufe, kunne a toshe, ba abin da suka sani sai ɗumin uwa da nono. Ido ba ya buɗewa sai bayan kwana 10 zuwa 14. A sati na 3 zuwa na 4 haƙora ke fitowa su fara lasar abinci, uwar ta fara guje musu. Daga nan ne marasa haƙuri ke cewa ai an yaye su, a raba. To yaye daban, tarbiyya daban. Satuttukan da suka rage su ne makarantar kare. Idan ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi, wancan ya yi ƙara ya daina wasa da shi, a nan yake koyon sassauta baki. Idan ya dami uwar, ta yi masa gurnani ta danne shi da hanci, a nan yake koyon cewa akwai na gaba da shi. Kai da kake son kare ya ɗauko maka tsuntsu ya kawo ba tare da ya tattauna shi ba, kuma ya yi aiki cikin wasu karnuka ba faɗa, me za ka yi da wanda aka cire daga wannan aji tun bai fara ba?

Wannan ba zancen tsofaffi kaɗai ba ne. Wasu masana biyu a Amurka, John Paul Scott da John Fuller, sun shafe shekaru suna kiwon ɗaruruwan kwiyakwiyi a cibiyar Jackson da ke Bar Harbor, suka fitar da sakamakon a 1965. Abin da suka gani shi ne, daga wajen sati 3 zuwa sati 12 ne kwikwiyo ke koyon sabo, da 'yan'uwansa da kuma mutane, kuma wanda ya wuce wannan lokaci bai san hannun mutum ba, da wuya ya sake jiki da mutane har ya tsufa. Ka ga sati 8 ya faɗo a tsakiya ke nan: ya sami rabonsa na uwa, kuma akwai sauran lokacin da zai saba da kai. A Ingila ma doka ce, ba a sayar da kwikwiyon da bai kai sati 8 ba, kuma tun Afrilun 2020 aka hana 'yan kayi-na-yi sayar da wanda bai kai wata 6 ba. Sai dai ka je wurin wanda karyarsa ta haifa, ko gidan da ake tsugunar da karnukan da ba su da masu su.

Ni na taɓa sayen na kwali, shi ya sa nake maganar da zafi. Ina saurayi kamarka, wani mutum ya buɗe mini bayan motarsa, ga su huɗu a cure wuri guda. Ya ce uwarsu ba a taɓa yin irinta a bin sawu ba. Na ce ina take? Ya ce tana gida, nesa ne. Na zaɓi mai farin goshi, na sa shi cikin rigata, ina jin bugun zuciyarsa a ƙirjina har gida. Kwana uku yana ci yana wasa. A na huɗu ya ƙi abinci, ya fara amai, da daddare sai zawo da jini, mai wani irin ƙarni da har yau in na tuna sai na ji shi a hancina. Likitan dabbobi ya ɗaga fatar wuyansa ya saki, fatar ta tsaya cak ba ta koma ba, ya ce ruwan jikinsa ya ƙare. Cutar fabo ce, wadda ta ɓulla a karnuka a 1978 ta bazu duniya. Bai kai kwana na bakwai ba. Likitan ya kuma gargaɗe ni kada in kawo wani kwikwiyo wurin da wuri, don ƙwayar cutar tana yin watanni a ƙasa ba ta mutu ba. Mai motar kuwa, ko ƙurarsa ban sake gani ba.

Tun daga ranar na riƙe ƙa'ida guda: ban sayi kwikwiyon da ban ga uwarsa ba. Mai kare yana iya yi maka ƙarya, karya ba ta iyawa. Ka je gidan, ka tsaya shiru ka ga yadda za ta tarbe ka. Haushi biyu uku ba laifi, uwa ce mai 'ya'ya. Amma in ta sa wutsiya tsakanin ƙafafu ta shige lungu tana kyarma, ko ta zaburo da nufin cizo mai ita ya kasa tsawata mata, to ka gode masa ka kama hanya, don 'ya'yan sun sha wannan halin tare da nono. Za ka gan ta a rame, gashi yana zuba, nonuwa sun saki. Wannan na shayarwa ne, kada ya dame ka. Ka roƙi a nuna maka ita a bakin aiki, ko a haɗa ka da wanda ya taɓa fita daji da ita. Uban sau da yawa ba a gidan yake ba, an kai ta barbara ne wani wuri, to ka tambayi ko na wane ne, ka bi ka gan shi in da hali. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma fa sai ka tabbata barewar ce ta haife shi.

A nan ne mutane ke ruɗuwa da takarda. Takardar asali, irin wadda ƙungiyoyin masu karnuka ke bayarwa (ta Ingila tun 1873 take, ta Amurka tun 1884), tana gaya maka wa ya haifi wa. Ba ta ce kare yana da hanci ba. A cikin jinsi ɗaya ma an rabu gida biyu: akwai zuriyar da ake kiwo don gasar kyan gani, akwai ta aiki. Ɗauki Labrado, jinsin karen da ke ɗauko tsuntsu bayan an harba: na gasa ƙato ne mai faɗin kai, na aiki kuwa siriri ne, ba ya zama wuri ɗaya. Dukansu da takarda. Kai na aiki kake nema.

Tambayarsa ta me kake farauta, ita ce mafi muhimmanci a duk abin da ya tambaye ka, kuma ina fata ba ka ce masa komai da komai ba. Karen farauta ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai bi da hanci kamar bigul, ya sa kai ƙasa yana haushi a kan sawun zomo. Akwai mai bi da ido kamar saluki da girehawun, wanda sai fili, gudunsa yakan kai kilomita 70 a awa amma na ɗan lokaci. Akwai mai tsayawa ƙiƙam ya nuna inda tsuntsu ya ɓuya, akwai mai ɗaukowa bayan an harba, har cikin ruwa. Ka kai mai gudu cikin kurmi, ka zalunce shi ka zalunci kanka. Mai kiwon kirki ya gwammace ya ce maka nawa ba su dace da kai ba, da a ce bayan shekara ana yawo da sunan karnukansa wai ba su iya komai ba.

Batun zama na uku kuma, ba wulaƙanci a ciki. Al'ada ce tsohuwa cewa mai uban yakan ɗauki zaɓin farko a madadin kuɗin barbara, ko mai karyar ya keɓe wanda zai ci gaba da zuriya da shi. Sauran kuma bi da bi, gwargwadon wanda ya riga ajiye kafin alƙalami. In gaya maka gaskiya, zaɓin farkon nan an fi ba shi girman da bai kai ba. A sati 8 ba wanda ya isa ya rantse wanne ne zai fi. Na ga tsumburarren da kowa ya tsallake ya zama shi ne gwanin gidan. In iyayen sun yi, na uku da na farko duk jini ɗaya ne.

Ranar zaɓe, kada ka tsaya a kansu kamar soja. Zauna a ƙasa ka bar su su zo. Wani zai hau ka yana jan igiyar takalminka, wani zai tsaya daga nesa yana kallo sannan ya matso a hankali, wani ba zai zo ba sam. Na ƙarshen nan zai ba ka tausayi, kuma tausayin ne zai cuce ka, bar shi. Ƙulla tsumma ka jefa ɗan nesa, ka ga wa zai bi, wa zai ɗauka, wa zai juyo da shi wajenka. Tafa hannu sau ɗaya: firgita ba komai, abin dubawa shi ne wa ya dawo ya shinshina. Bayan haka ka ɗaga wanda ya kwanta maka. Ido garau ba kwantsa, kunne ba wari, dasashi ja-ja ba fari fat ba, haƙoran sama da na ƙasa sun haɗu daidai. Shafa cikin: in ya yi tulu ga haƙarƙari a waje, tsutsa ce, in ka ji ɗan ƙullutu a cibiya, ka tambaya. In namiji ne ka taɓa ka ji 'ya'yan marainan biyu sun sauko. Duk da haka, awa guda ka yi da su, shi kuwa wata biyu yana kallonsu safe da yamma. In ya ce wancan ya fi dacewa da kai, ka saurare shi ko da idonka na kan wani.

Namiji ko mace, wannan ra'ayi ne. Ni mace nake so, ta fi saurin kama karatu a hannuna, sai dai ka san kusan sau biyu a shekara za ta shiga neman namiji, wajen sati 3 kowane karo, kuma in ya faɗo a tsakiyar lokacin farauta sai ka bar ta a gida.

Kuɗi kuma, ka tambaya cikin ladabi ko akwai ragi, in ya ce babu, kada ka ja. Kada ka shiga kushe kwikwiyo don farashi ya sauko, wannan dabarar a nan zagi ce. Abin da ya kamata ka tsananta a kai shi ne rubutu. Kafin alƙalamin nan, a rubuta ko ana mayarwa in kwikwiyon ya mutu ko ya kamu da ciwo kafin ranar ɗauka. A ba ka katin likita mai kwanan wata: maganin tsutsa da ake farawa tun suna sati 2, don yawancinsu da ita ake haifarsu, da allurar rigakafin farko ta sati 6 zuwa 8. Sauran alluran a wuyanka suke, ana maimaitawa har wajen sati 16, da ta ciwon haukan kare daga sati 12. In jinsin manya ne irin su Labrado, tambayi ko an ɗauki hoton ƙashin ƙugun iyayen, don gurɓacewar ƙugu gado ce kuma ba ta nunawa sai kare ya girma, bayan ka gama zuba wahalarka. Ka nemi a ba ka kwana biyu ko uku ka kai wa likitanka ya duba. Sannan ka yi masa tambayar da nake auna mutum da ita: in wata rana na kasa riƙe shi, za ka karɓa? Na kirki kafin ka rufe baki zai ce dawo mini da shi, kada ka ba kowa. Wasu ma sharaɗi suke sawa.

Ɗaya ya rage, don na san halinka da ɗoki. In ka kawo shi, kada ka harba bindiga kusa da shi wai kana gwada zuciyarsa. Yawancin karnukan da ke tsoron ƙarar bindiga, masu su ne suka mayar da su haka, kuma gyaran yana da wuya ƙwarai. Watannin farko na sabo ne: ya san sunansa, ya zo in an kira, ya shiga mota, ya taka ciyawa da ruwa bayan alluransa sun cika. Wajen wata 4 zai fara famfara, haƙoran nono 28 su zube, 42 na girma su maye, bakinsa na ciwo, to a lokacin kada ka riƙa fizgar abu daga bakinsa. Ƙara kuwa daga nesa ake fara ta, yana tsakiyar abin da yake so, a riƙa matsowa kaɗan-kaɗan cikin makonni.

Ka koma wurin mutumin a satin nan ka ajiye abin da ya ce, ka nemi izinin zuwa duba su sau ɗaya ko biyu kafin ranar. Kada ka biya ta wurin wasu karnuka a hanya, kuma in ya ce ka cire takalmi ko ka wanke hannu kafin ka taɓa su, yi ba musu. Ka tafi da tsohon tawul ka bar shi a makwancin uwar, ranar ɗauka ka taho da shi tare da ɗan abincin da ya saba ci na kwana bakwai. Daren farko zai yi kuka, ka shimfiɗa masa tawul ɗin kusa da inda kake kwana. In ka tsayar da ranar ka sanar da ni, ina so in ga uwar nan da idona.

Kawunka.