Ɗan barkwanci zai iya rubuta wa yara littafi?

Malama, kin tambaya ko ɗan barkwanci na iya rubuta wa yara littafi mai kyau, ko sunansa kawai ake sayarwa. Wasu kam suna ne kawai. Amma dubi Spike Milligan, ɗan barkwancin Birtaniya da aka haifa a Indiya a 1918. Ya yi fice a shirin barkwanci na rediyon BBC a shekarun 1950, sannan a 1959 ya fitar da littafin waƙoƙin shirme da ya tsara wa 'ya'yansa. Labarin mayya Badjelly na 1973 ma 'yarsa ya rubuta wa, da rubutun hannunsa.

Abin da ke taimakon irinsu shi ne kunne. Wanda ya saba sa jama'a dariya ya san inda zai dakata, ya san kalmar da za ta zo ƙarshe. Yaro kuwa ba ya dariyar kara; in bai ji daɗi ba, tashi zai yi. Milligan ya daɗe yana fama da ciwon damuwa, ina ganin shi ya sa bai taɓa raina dariyar yaro ba.

Kafin ki saya, ki karanta wa yaranki shafi biyu a bayyane, ki ga ko za su ce a ƙara.