Hukuncin Kamun Kifi A Kan Ƙanƙara Da Tara Jita Ga Ma'aikacin Albashi

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina zaune a jihar Minnesota ta Amurka, ina aikin kamfani ana biyana bisa awa. In hunturu ya kama, tafkuna suka daskare, nakan bi abokan aikina mu je kamun kifi a kan ƙanƙara, mu huda rami mu zura fatsa, wani lokaci mu wuni a cikin ɗan ɗakin tanti. Bara sau 3 na ce wa wurin aiki ba ni da lafiya don in samu zuwa. Sannan ina da sha'awar tara jitar bes, wato jita mai kaurin sauti, yanzu ina da guda 9, biyu daga ciki tsofaffi ne ƙirar kamfanin Fender masu tsada. Ba na kiɗa a wuraren casu, a gida kawai nake taɓawa, kuma ina sayar da wasu in farashi ya tashi. Mene ne hukuncin waɗannan, kuma akwai zakka a kan jitocin?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, ka haɗa abubuwa uku a ƙunshi ɗaya, alhali hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Kuma wanda ka ambata a tsakiyar zance ka wuce, wato kwanaki ukun nan na rashin lafiyar ƙarya, shi ne wanda babu saɓanin malamai a kansa, don haka da shi za mu fara.

Ma'aikacin da ake biya bisa awa ko bisa wata, malaman fiƙihu suna kiransa ajirun khas: wanda ya sayar da lokacinsa ga mutum ɗaya. Hutun rashin lafiya mai albashi sharaɗi ne da ke cikin wannan ciniki. A jiharku, tun 1 ga Janairun 2024 doka ta wajabta a ba ma'aikaci awa 1 ta irin wannan hutu a kan kowace awa 30 da ya yi aiki, har zuwa awa 48 a shekara, kuma ta fayyace abin da ake ɗaukarsa dominsa: ciwo, ganin likita, jinyar iyali da makamantansu. Kamun kifi ba ya ciki. Wanda ya karɓi kuɗin da ƙarya ya haɗa laifi biyu, ƙaryar da cin dukiyar mutane da ɓarna, kuma kasancewar mai kamfanin ba Musulmi ba ne bai canza komai ba, domin Allah ya ce a farkon Suratul Ma'ida a cika alƙawura, bai ware da wa aka ƙulla ba. Gyaran shi ne ka tuba, sannan ka lissafa: kwana 3 a kan awa 8 ya zama awa 24. Ka nemi sashen kula da ma'aikata su cire awannin daga hutunka na shekara, ko ka mayar da kuɗinsu ta hanyar da ba za ta jawo maka kora ba. Ba dole ne ka tona wa kanka asiri dalla-dalla ba, abin da ake nema haƙƙi ya koma ga mai shi. Haka nan in kana ɓatar da awanni a wurin aiki kana duba farashin jita a waya, in sun wuce ɗan abin da aka saba yafewa, su ma lokacin da ka riga ka sayar ne.

Shi kuwa kamun kifi asalinsa halal ne. Allah ya ce a Suratul Ma'ida aya ta 96 an halatta muku farautar ruwa da abincinsa, kuma Annabi (SAW) ya ce game da teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Tafki da kogi duk hukuncinsu ɗaya. Sai dai malamanmu na Malikiyya sun duba niyya. Ibnu Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuwa halal ce. To in ka fita da nufin kawo kifi gida a ci, ko ka ba maƙwabci, ka fita daga karhanci, kuma nishaɗin da ka samu a hanya bai ɓata niyyar ba.

Wannan bambanci yana da tasiri a salla, abin da da yawa ba su lura da shi ba. Tafki irin Mille Lacs ya haura kilomita 130 daga birnin Minneapolis na jiharku, ya wuce nisan ƙasaru, wanda yake mil 48, kimanin kilomita 80. Amma Shehu Khalil ya ce ƙasaru sunna ce ga matafiyin da ba mai saɓo da tafiyarsa ba kuma ba mai wasa ba. Wanda ya fita don wasa zalla, ƙasaru makaruhi ne gare shi a mazhabarmu. Wanda ya fita neman abinci, ya yi ƙasarunsa. Haɗa salloli kuwa rangwame ne da ya fi dacewa da wanda ke bisa hanya. Kai da ka kafa tanti tun hantsi kana zaune, ka yi kowace salla a lokacinta. A ƙarshen Disamba rana tana faɗuwa a can wajen ƙarfe 4:35 na yamma, Azahar da La'asar da Magariba duk suna shigowa cikin abin da bai kai awa 5 ba, kuma kifin walleye ya fi cin ƙugiya daf da faɗuwar rana. Ma'ana lokacin da fatsa ta fi motsi shi ne ƙarshen lokacin La'asar. Ka sallaci La'asar da zarar ta shiga, kafin kifin ya fara, kada ka ce bari in ciro wannan ɗaya. Ranar Juma'a kuma, fita bayan alfijir makaruhi ne ga wanda Juma'a ta wajaba a kansa, bayan rana ta karkata haramun ne, sai in ya tabbata zai riske ta a wani masallaci a hanya.

Salla a kan ƙanƙara ta inganta, domin ruwa ne mai tsarki da ya daskare. In dusa ce mai laushi, ka tattake ta har goshi ya samu wurin tabbata. Tsayuwa rukuni ce a farilla, don haka in tantin gajere ne ka fito waje, ba a sallar farilla a kan bokiti a zaune don kawai ana jin sanyi. Alƙiblarku arewa maso gabas take, ba gabas sak ba kamar yadda aka saba a gida. Game da taimama, gaskiya ne Amru bin As ya yi taimama saboda tsananin sanyi a yaƙin Zatus Salasil kuma Annabi (SAW) bai yi masa inkari ba, kuma Khalil ya lissafa ƙanƙara cikin abubuwan da ake taimama a kansu. Amma sharaɗin shi ne tsoron cuta tare da rashin abin ɗumama ruwa. Kai kuwa ga ruwa a ƙarƙashin ƙafarka, ga murhun gas a tanti. Ka ɗebi ruwa a ramin, ka ɗumama, ka yi alwala wanki ɗaya-ɗaya, ka goge da tawul nan take. Matsalar ƙafa ce, kuma maganinta huffi na fata: ka sa shi a gida bayan cikakkiyar alwala, ka ɗora babban takalmin sanyi a kai. In alwala ta karye sai ka cire takalmin ka yi shafa a kan huffin. A mazhabarmu ba a shafa a kan takalmin roba.

Sai batun rai, wanda a nan ne halal ke iya komawa haram. Allah ya ce a Suratul Baƙara aya ta 195 kada ku jefa kanku cikin halaka, kuma a irin wannan mas'ala maganar masana ita ce ma'auni. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jiharku ta ce kada a taka ƙanƙarar da ba ta kai kaurin inci 4 ba, wato santimita 10, kuma wannan ga sabuwar ƙanƙara ce mai garau. Babur ɗin dusa yana buƙatar inci 5 zuwa 7, ƙaramar mota wajen inci 9 zuwa 12. Farar ƙanƙara, wadda dusa ta narke ta sake daskarewa, ƙarfinta kusan rabi ne, sai a ninka waɗannan alƙaluma. Kauri kuma ba ya zama ɗaya a tafki guda: kusa da mashigar kogi, ƙarƙashin gada, ko inda ruwa ke gudu a ƙasa, ƙanƙara tana sirancewa ba tare da ta nuna a sama ba, shi ya sa ake huda a auna kowace ƙafa 150. Wanda ya san bai auna ba, ko ya auna ya ga bai kai ba, ya hau don abokai sun hau, ya yi zunubi ko da ya dawo lafiya. Wannan ba tawakkali ba ne. Ka rataya ƙusoshi biyu masu mariƙi a wuya, waɗanda ake cakawa a ƙanƙara a jawo jiki waje in an faɗa ruwa, domin wanda ya faɗa ruwan yana da kimanin minti 10 kafin hannuwansa su daina yi masa biyayya, kuma ba a kama gefen ƙanƙara da tafin hannu. Murhun gas a rufaffen tanti yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, tana farawa da ciwon kai da jin barci. Ka bar kafar iska a buɗe, ka ajiye na'urar da ke ƙara in iskar ta taru, musamman in za a kwana.

Lasisin kamun kifi, da iyakar fatsa 2 ga mutum a kan ƙanƙara, da adadi da girman kifin da aka yarda a ɗauka a kowane tafki, duk wajibi ne ka kiyaye su, domin ka shiga ƙasar da alƙawarin bin dokarta, kuma dokar maslaha ce. Kifin da doka ta ce a mayar, ka mayar da sauri, domin a irin wannan sanyi idonsa da mashaƙarsa suna daskarewa cikin ɗan lokaci. Wanda aka jawo daga zurfin da ya wuce ƙafa 30 kuwa, jakar iskar da ke cikinsa tana kumbura, sau da yawa ko an sake shi mutuwa yake yi. Kamawa da saki a irin wannan zurfi don nishaɗi kawai kashe rai ne a banza. Wanda za ka ci, ba ya buƙatar yanka, amma ka buge kansa ya mutu nan take, ya fi ka bar shi yana birgima har sanyi ya kashe shi. In giya na zagayawa a tantin, kada ka zauna, hadisin Jabir da Tirmizi ya ruwaito ya hana zama a inda ake zagayawa da giya; ka kafa naka tantin a gefe. Gasar da ake sayen tikiti a ci kyauta daga kuɗin masu shiga kuwa caca ce.

Yanzu jita. Kayan kiɗa masu tsirkiya, mazhabobi huɗu a kan haramcinsu suke, kuma jitar bes ba ta da bambanci da molo ko garaya a wannan babi. Babban dalili shi ne hadisin da ke cikin Bukhari, cewa za a samu wasu daga al'umma da za su halatta zina da alhariri da giya da kayan kiɗa. Ibnu Hazm ya ce isnadin ya yanke tsakanin Bukhari da Hishamu bin Ammar, ya halatta kiɗa da sayar da kayansa, wasu malaman zamani suka bi shi. Ibnus Salah da Ibnu Hajar sun mayar masa da martani, sun nuna hadisin a sadar yake ta wasu hanyoyi. Ko Imam Gazali, da ya sassauta a kan waƙa, ya ware masu tsirkiya ya hana. Saɓanin yana nan, ba ma ɓoye shi, kuma ba ma fasiƙantar da wanda ya bi ɗaya ɓangaren da ilimi, amma abin da muke ba da fatawa da shi maganar jumhuru ce. Kiɗa a gida kai kaɗai ya fi sauƙi a kan kiɗa a mashaya, sai dai bai fita daga hanin ba.

Ciniki yana bin amfani. A wurin Malikiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya sayar da kayan kiɗa bai inganta ba. Abu Hanifa ya inganta cinikin tare da karhanci, yana ganin abin yana da ƙima a kansa, almajiransa biyu kuma suka saɓa masa. Abin da muke gani a halinka: ka daina saye daga yau. Amfilifaya da lasifika da wayoyi da akwatuna ana amfani da su a wasu abubuwa, sayar da su ba laifi. Su jitocin, mafi tsantseni shi ne a wargaza su, amma mun san tsohuwar Fender, musamman wadda aka ƙera kafin kamfanin CBS ya sayi Fender a 1965, tsadarta tana cikin kasancewarta cikakkiya ba a taɓa ta ba. In akwai bashi a kanka, ko asarar za ta taɓa ciyar da iyalinka, kana iya ɗaukar maganar Abu Hanifa sau ɗaya: ka sayar, ka biya bashi, ka rufe ƙofar. In da katin bashi mai kuɗin ruwa ka saye su, to biyan wannan katin shi ne farkon inda kuɗin zai tafi, domin riba ta fi jita nauyi nesa ba kusa ba.

Zakka kuwa tana bin niyyar da ka yi ranar saye. Wadda ka saya don ajiya da sha'awa babu zakka a kanta komai tsadarta, in ka sayar sai ka fara ƙirga wa kuɗin sabuwar shekara daga ranar da suka shigo hannunka. Wadda ka saya kana jiran farashi ya tashi, hukuncinka na mai ihtikari ne a mazhabarmu: ba ka ƙiyasta ta kowace shekara, sai ranar da ka sayar, in shekara ta riga ta zagayo wa jarin kuma kuɗin, su kaɗai ko haɗe da abin da ke hannunka, sun kai nisabi, wato ƙimar giram 85 na zinare, ka fitar da kashi 2.5 cikin 100 na shekara ɗaya tak, ko da jitar ta yi shekara 6 a rataye a bango.

Wallahu a'alam.