Tambaya da Amsa: Me ya sa hoton majigina ke hawa sama?

Tambayar wannan mako ta fito ne daga wani mai gidan kallon ƙwallo a Garwa. Ya ce: “Na sayi majigi samfurin DLP, na kafa masa katako can sama kusa da rufi don kada kawunan ’yan kallo su tare hoto. Da na kunna, rabin hoton ya haye kan silin. Na tokare bayansa da bulo ya sunkuyo, sai hoton ya buɗe ta ƙasa ya tsuke ta sama. Na danna maɓallin gyara ya miƙe, amma yanzu rubutun sakamakon wasa ya dushe, kuma akwai wani haske toka-toka kewaye da allon. Shin lalatacce aka sayar mini?”

Malam, ka kwantar da hankalinka, majiginka lafiyarsa ƙalau, ajiye shi ne ba a yi daidai ba.

A cikin irin wannan majigi akwai wani ɗan faranti da aka jera wa ƙananan madubai, wanda Larry Hornbeck na kamfanin Texas Instruments a Amurka ya ƙirƙiro a 1987. Kowane madubi ɗigo ɗaya ne na hoto, don haka farantin da ke ba da hoto mai ɗigo 1920 sau 1080 yana ɗauke da madubai 2,073,600. Madubin yakan karkata, a yawancin samfura da digiri 12, ko dai ya tura haske cikin idon majigi, wato gilashin da hoto ke fitowa ta cikinsa, ko ya kautar da shi gefe. Tun da a karkace hasken fitila ke sauka kan madubai, kuma bai kamata hanyarsa ta ci karo da ta ido ba, masu ƙira da yawa sukan gusar da idon daga tsakiyar faranti, sai hoton ya riƙa fita ta sama. Wannan ya yi wa wanda zai ɗora majigi kan tebur daidai, domin hoton zai tsallake teburin ya sauka a bango. Kai kuwa ka kai shi sama, shi ma yana jefawa sama, dole hoto ya kai silin.

Ka duba takardar majigin, za ka ga an rubuta wannan tsallake da kashi cikin ɗari. A lissafin da aka fi amfani da shi, 100 na nufin gindin hoto yana daidai da tsakiyar ido, 115 kuwa na nufin ya ɗara ido da kashi 15 na tsayin hoton. Idan tsayin allonka mita 1.5 ne, tazarar ta zama santimita 22.5 ke nan. Kamfanoni sukan bambanta wajen rubuta adadin, saboda haka zanen da ke cikin takardar ya fi lambar amfani.

Maɓallin da ka danna, wato kiston, wanda a tsarin Faransanci ake rubuta masa Trapèze, ba ya taɓa gilashi ko kaɗan. Abin da yake yi shi ne matse hoton a kan farantin, ya tsuke ɓangaren da ya buɗe, ya bar madubai na gefe babu aiki. Hoton ya miƙe a ido, amma da ɗigo kaɗan aka zana shi, shi ya sa ƙananan rubutu irin na minti da sakamako suka fara dushewa kafin komai. Hasken toka-tokan nan kuwa filin madubai ne da aka ajiye, waɗanda baƙinsu bai kai duhun bango ba. Sannan tun da gindin allo ya fi samansa nisa da majigin, da wuya ka saita ido duka biyun su fito tas lokaci guda. Ni a ganina asara ce mutum ya biya kuɗin madubai miliyan biyu, sannan ya kashe wasunsu saboda bulo guda.

Ka cire bulon, ka mai da kiston sifili. Ka sa mai walda ya haɗa maka ƙarfen ratayewa, ka rataye majigin a kife, ƙafafunsa suna kallon rufi, sa’annan ka zaɓi tsarin rataye a saman ɗaki a cikin saitinsa don hoton ya juyo daidai. Da ya kifu, tsallaken zai koma ƙasa, hoto ya sauko kan allo majigin yana kwance sambal. A misalinmu, idon zai tsaya santimita 22.5 sama da bakin allo na sama, yana fuskantar tsakiyarsa ba dama ba hagu. Ka ari lebur wurin magini ka ɗora a kansa kafin a ɗaure kusoshi, kuma ka bar masa tazara da kwanon rufi, domin zafin Garwa a watan Afrilu ba ya raga wa fitila.

Idan bayan haka ɗan karkata ya rage, danna kiston sau ɗaya ko biyu ba zai ɓata wa ’yan kallo komai ba. In kuma za ka sake sayen wani nan gaba, ka tambayi mai shago ko idonsa yana gusawa sama da ƙasa da hannu, domin wannan gyaran gilashi ne yake yin sa, ba ya cin ɗigo ko ɗaya.